Igiyar da Mahaifiyata ta Gitta a Tsakar Gida

Shekarun baya kaɗan, a shekarar nan da korona ta shigo mana, duk ofishinmu a Gusau babu wanda ya kai ni wa'azi a waya. Da safe in tura saƙon wanke hannu, da yamma in tura na sa takunkumi. Kwalbar man goge hannu tana aljihun gaba, kusa da biro, inda kowa zai gan ta. Duk wanda ya kuskura ya ce mini cutar ta masu hawa jirgi ce, sai na yi masa lacca har ya yi da-na-sanin gaishe ni. Matata takan ce, "Kai da za a ba ka lasifika, da tuni ka kori cutar nan da surutu."

Abin da ya fi tsaya mini a rai lokacin shi ne mahaifina. Ni ɗan Bilbis ne, ta ƙasar Tsafe, kuma iyayena suna can. Baba ya daɗe yana fama da ciwon fuka. Murar da wani zai yi yana yawonsa, shi sai ta kwantar da shi mako guda, kana jin ƙarar ƙirjinsa tun daga zaure. Na san idan wannan cuta ta kama shi, sai dai wani iko na Allah. Kullum ina cewa a raina, mutanen ƙauye ba su san komai ba, wata rana wani jahili zai kwaso ta ya kai masa har ɗaki. Ban taɓa kawowa jahilin ni ne ba.

Farkon damina mahaifin abokina ya rasu a Bungudu. Tare muka yi makaranta da abokin nan, ba irin wanda ake yi wa ta'aziyya ta waya ba ne. Na shiga mota da takunkumina, da niyyar in tsaya nesa-nesa, in yi addu'a, in juyo. Ina isa ƙofar gidan, wani dattijo, ƙanin mamacin, ya miƙo mini hannu biyu, idanunsa jawur. To ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai bar hannun dattijo a iska ranar da ya binne yayansa? Na miƙa. Daga shi sai na kusa da shi, har na zagaye zauren. Da na duba na ga ni kaɗai ne da ƙyalle a baki, kamar na zo ina ƙyamar mutane, sai na zare shi na cusa aljihu. Aka matsa mini wuri a tabarma, gwiwa na gugar gwiwa, zauren kuma ko taga babu. Ruwa ya zagayo a kwano ɗaya, na sha. Aka kawo tuwo, muka sa hannu mu biyar. Akwai wani mai tari a bayana, har ina jin iskarsa a ƙeyata. A nan na wuni.

Da na fito, na zaro kwalbata na goge hannu sosai, har tsakanin yatsu, na hau mota ina jin na fita haƙƙin lafiya.

Bayan kwana biyar na shirya zuwa gida. An ce ƙananan ma'aikata irinmu su zauna a gida, ga shi ruwa ya sauka, sai na ce bari in je in taya Baba shuka, in kuma wayar wa mutanen ƙauyenmu da kai. Ranar na tashi kaina ya yi nauyi, maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Na ce sauro ne. Na sayi sabulu da takunkumi na tsaraba, na shiga bas zuwa Tsafe, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Na iso kafin azahar, Baba yana gona. Mahaifiyata kaɗai na tarar.

Sai na ɗan gaya muku wace ce Inna. Bafulatana ce, a ruga ta tashi, a bayan shanun babanta, kuma ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa leƙawa ba. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka kunyata take ji. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi mini magana sai ta kalli gefe, ta ce "wancan", kamar da tukunya take zancen. Tana da wata tsohuwar rediyo a rataye jikin rumbu, wadda ba ta kashewa sai batir ya mutu.

Ta karɓi jakata, ta shimfiɗa mini tabarma kusa da murhu, ta kawo ruwa. Ni kuwa tun ina ƙarami an san ni da hanci. Daga zaure nake sanar da abin da ke kan wuta, in ce yau kuka ce da daddawa, an kuma sa man shanu. Ranar ina zaune, ga tukunya tana tafasa a gabana, sai na buɗe baki na ce, "Inna, yau ba a kaɗa miya ba ne?"

Ta tsaya cak da ludayi a hannu. Ta ɗauko curin daddawa ta ɗora a faifai, ta turo mini. "Shinshina."

Na shinshina. Wallahi kamar na sa hanci a dutse. Kafin in ce wani abu tari ya ƙwace mini, busasshe, har sau uku.

"Rediyo ta ce mai ita bai jin wari," in ji ta, tana kallon bango. "Tashi. Ɗauki tabarmar da kaz zamna bisa, da kwanon da kash sha ruwa."

Akwai wani ɗaki a can ƙuryar gidanmu, kusa da turken awaki, inda ake ajiye garma da buhunan taki, inda kuma ake ɗaure dabba idan ta yi rashin lafiya. Can ta nufa da ni. Ta fitar da kayan, ta share, ta buɗe 'yar tagar. Na ce, "Haba Inna, zazzaɓin sauro ne fa."

Ta ce, "In na sauro na, ba ka yi hasarar komi ba. In ba shi na ba, tsohonka na nan tahe."

Ina tsaye ta shiga ɗakinta ta fito da dangwali, igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa, wadda ta zo da ita daga gidansu tun aurenta. Ta ɗaura baki ɗaya a ƙafar rumbu, ɗayan a jikin darbejiya, ta raba tsakar gidan biyu. Zaure da turakar Baba suna can gefe. Ɗakinta da murhu da ɗakin da ta ajiye ni suna nan gefe.

Sannan ta jawo turmi ta kifa, ta zauna nesa da ƙofata, da faifai da tsabar masara a hannu, ta fara yi mini tambayoyin da ko alƙali bai yi wa ɓarawo. Ina da ina na je cikin kwanakin nan? Da wa na ci abinci? Wa ya zauna kusa da ni a mota? Wa na kwana ɗaki ɗaya da shi? Duk wanda na ambata sai ta ajiye masa ƙwaya ɗaya. Na lura kashi uku take yi, sai na tambaye ta dalili.

Ta ce tana yarinya ciwon huhu ya taɓa shiga garken babanta. "Masu tari a ware su daban. Waɗanda sunka sha ruwa da masu tari su ma daban, ko da lahiyarsu lau, don cutar tana kwana cikin saniya kahin ta nuna kanta. Sauran a kora su nesa. Kuma ran nan, ba gobe ba, a aika ma maƙwabta kada su biyo mashayarmu."

Abin da na yi wata biyu ina turawa a waya, da manyan kalmomi da hotunan likitoci, shi ne wannan tsohuwa ta zayyana mini a kan faifai. Na ce, "To ke fa, Inna?"

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a kashin tsakiya. "Na ɗauki jakarka, na zamna kusa da kai. Ni ma ban ƙetarewa."

Ba a jima ba muka ji sallamar Baba. An riga an gaya masa a hanya cewa na zo, sai ga shi da fartanya a kafaɗa, yana kiran sunana da murna. Inna ta miƙe.

"Malam, tsaya nan."

Ya kalli igiyar, ya kalle ta. Ta yi masa bayani a taƙaice. Ya ce, "Mi kika nuhi? Ɗana shi zo gidana a ce ban gaisawa da shi?"

"Ku gaisa daga nan, yana jin ka."

Haka muka gaisa, ni daga bakin ɗakin awaki, shi daga bayan igiyar maruƙa. Ya juya zaure yana ƙunƙuni. Tun daga ranar abincinsa da ruwan shansa daga gidan ƙanwata ake kawowa, wadda ke aure a bayan layinmu. Mutumin da ya shekara arba'in bai ci tuwon wata ba matuƙar Inna na tsaye da ƙafarta.

Sai ta ce saura aike. Kiran matata bai yi mini wuya ba: na ce ta kulle ƙofa ita da yara, kada su fita, kada a shigo. Ta ce, "Malam mai lasifika, kai ne?" Kiran abokina na Bungudu shi ne ya yi mini nauyi. Ta yaya zan ce wa mutumin da ke cikin zaman makoki ina zargin a zaurensu na kwaso cuta? Na ce wa Inna a bari sai an tabbatar. Ta ce, "Kahin a tabbatar mutum nawa za su sha ruwa kwanon nan?"

Na kira. Na yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar na faɗa. Sai na ji ya yi tari. Ya ce, "Wallahi ni ma kwana biyu ke nan. Kuma Baba Ƙarami na kwance." Dattijon da ya miƙo mini hannu biyu ke nan. Ga shi jibi ne addu'ar bakwai, dangi za su taru daga ko'ina. A ranar ya je ya sami limaminsu, aka aika wa mutane kowa ya yi addu'a daga inda yake, ya kuma ware mahaifiyarsa a ɗakinta.

A Bilbis kuwa, kun san ba a jin mutum na kwance a ƙi zuwa dubiya. Inna ta sa ƙanwata ta bi gida-gida ta faɗa, ba tare da ɓoye sunan cutar ba. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ina ji tana cewa, "Haba ke kuwa, ki ce ciwon shawara na mana. So kike a dinga nuna gidanku da baki?"

Inna ta ce, "A nuna. A rugarmu wanda yab ɓoye huhu har ta kashe shanun maƙwabci, shi aka nunawa har jikokinai."

An kuwa nuna. Wasu suka daina bi ta ƙofarmu, wasu suka yi ta dariya wai ɗan boko ya zo wayar da kai an ɗaure shi a turke. Ban ga laifinsu ba. Amma akwai waɗanda kullum sai sun ajiye fura ko nono a bakin zaure, su ɗaga murya su ce, "A gaida mai jiki!" in amsa daga ƙurya. Dubiyar ta koma ta saman katanga, kuma ban taɓa jin daɗin "sannu" kamar na kwanakin nan ba.

Rana ta uku ma'aikatan lafiya biyu suka zo a kan babur daga Tsafe, bayan na kira lambar da ni kaina na sha turawa mutane. Macen cikinsu ta fito da takarda za ta rubuta waɗanda na yi hulɗa da su. Inna ta ɗauko faifanta ta ajiye, ta bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya: wannan matarsa, wannan ɗan acaɓan da ya kawo shi, ga unguwarsu, an riga an gaya masa. Ma'aikaciyar ta dubi faifan, ta dubi igiyar, ta ce, "Inna, don Allah wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Shanu."

Suka zura mini wani tsinke a hanci har sai da na yi ƙwalla, suka ce sakamako zai ɗauki lokaci don nesa ake kai shi. Suka ce Inna ta riƙa rufe hanci da baki in za ta matso, ta wanke hannu da sabulu, in numfashi ya yi mini wuya in kwanta rub da ciki a kuma kira su. Ba ta yi musu ba ko kaɗan. Takunkumin da na kawo tsaraba shi ta ɗaura, sabulun kuma ta yanka biyu, rabi na kwanukana, rabi nata. Abincina a bakin ƙofa take ajiyewa ta ja baya. In na gama ta wanke kwanon ta kifa shi a rana.

Wajen kwana na takwas abin ya yi tsanani. Bayan la'asar ne, hadari ya haɗo, iska ta ɗauke. Na ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. Tari ya sarƙe ni, in ja numfashi ya tsaya rabin hanya. A karon farko na ji irin abin da Baba ya shekara yana ji, kuma na tsorata ƙwarai.

Shi ma ya jiyo daga zaure, kuma ya fi kowa sanin ma'anar wannan ƙara. Ta ƙofar da ke buɗe na hango shi ya taho da sauri, ko takalmi babu, ya kama igiyar ya ɗaga. Inna ta fito daga wajen murhu ta tsaya a tsakiyar fili, ba ta matsa kusa da shi ba. Sai ta durƙusa a ƙasa.

"Malam, shekara arba'in ban taɓa ce maka a'a ba. Yau na ce."

Ya ce, "In yam mutu ban gan shi ba fa?"

Ta ce, "To ka riƙe ni da shi har ƙarshen ranka. Amma ka daɗe kahin nan."

Ban san tsawon lokacin da ya yi riƙe da igiyar ba. Daga bisani dai ya sake ta. Ya zauna a ƙasa daga can gefensa, ya fara karanto addu'o'i da ƙarfi yadda zan ji. Yayyafi ya fara sauka, bai tashi ba.

Na kifa ciki kamar yadda aka ce, na yi lamo don gajiya, tarin ya ɗan lafa. Shirun ya yi wa Inna yawa. Sai na ji takunta a bakin ƙofa, na kuma ji ta kira sunana. Sunana na yanka, sau ɗaya, a hankali, kamar mai taɓa abu mai zafi. Na ce, "Na'am, Inna." Ta juya ta ce wa Baba, "Yana nan." Ni kuwa na tura fuskata cikin tabarma na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro.

Ƙanwata ta kira ma'aikatan, suka zo suka duba ni, suka ce in bai sassauta ba zuwa gobe za a wuce da ni Gusau. Allah cikin ikonsa ya sassauta. Bayan kwana biyu na zauna da kaina, bayan huɗu na nemi tuwo. Sakamakon ya iso ina tsakiyar suɗe kwano: ita ce. Inna ma ta yi 'yar mura ta kwana biyu, saboda haka ta ƙara wa kanta kwanaki a kan waɗanda ma'aikatan suka ɗibar mana, ba wanda ya sa ta. Matata da yara lafiya lau. Abokina ya warke, mahaifiyarsa ko ciwon kai ba ta yi ba. Dattijon nan kuwa Allah ya yi masa rasuwa. Ba a gwada shi ba, don haka ba zan ce ga abin da ya kashe shi ba, amma har yau ina ganin hannayensa biyu. Allah ya jiƙansa.

Baba ko tari ɗaya bai yi ba.

Ranar da ta kwance igiyar, sai da ta wanke ta da sabulu ta shanya. Baba ya tako a hankali kamar baƙo a gidansa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Da ya ga idanuna sun kawo ruwa, sai ya waiwaya wajen murhu ya ce, "To yau dai a yi muna tuwo. Wanda ɗiyarki ka yi ya kusa gamawa da ni, ba cutar ba."

Na daɗe ina juya wannan abu a raina, kuma har yau mamaki bai sake ni ba. Mu ba mu da manyan asibitoci a kusa, ba mu da ɗakunan da kowa zai kulle kansa shi kaɗai. Cutar kuma ta hanyar kyawawan halayenmu take bi: musabaha, kwano ɗaya, zaman makoki, dubiya. Ni na san duk wannan a rubuce, amma na kasa jure kunyar minti ɗaya a ƙofar zaure. Ita ta jure nunin gari, ta jure fushin mijinta, ta kuma yarda ta zama wadda za a zarga har abada in abin ya ɓaci. Tun daga lokacin na rage lacca. In na ji ana cewa mutanen ƙauye ba su san komai ba, sai in yi shiru in tuna da faifan masara.

Baba yana nan, bana ma ya shuka geronsa. Duk baƙon da ya zauna sai ya ba shi labarin, kuma a bakinsa labarin ya koma "igiyar da munka ɗaura". Inna ba ta taɓa gyara masa ba. Sunana ma ba ta sake kira ba.

Zuwana na ƙarshe na same ta tana dama fura a gindin rumbu, dangwalin yana rataye a ƙusa kusa da rediyo. Na ce, "Inna, ranar nan da kika durƙusa, ba ki ji tsoro ba?"

Ta kalli ƙwaryar ta ce, "Wancan dai bai rasa tambayar banza. Shi ɗauki hurar nan shi kai ma tsohonai."

Na ɗauka. Na bi ta tsakanin rumbu da darbejiya, daidai inda igiyar ta taɓa gittawa, na shiga zaure. Yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Na ajiye kwanon a gabansa, na ɗan tsaya, ina sauraron numfashinsa yana shiga yana fita.